Sifanan da na ƙwace a hannun ɗan ƙanwata

Ranar Asabar na leƙa kangon da ke bayan gidan ƙanwata, na tarar da ɗanta a tsugune gaban wani ƙarfe da ya ɗaure a jikin turke. Injin roka ne, shi ya ƙera abinsa. Ya aro silindar oksijin wurin masu walda, ya cika wani tanki da kananzir. Mahaɗar mesa tana huci, allurar geji tana sama, shi kuwa ya ɗora sifana zai ƙara ɗaurewa, hannunsa duk baƙin mai. Abokansa uku na tsaye a kansa, kowa ya ɗaga waya.

"Kai, ajiye sifanan nan ka ja baya!"

"Kawu, ɗan yoyo ne fa, juyi ɗaya ya isa."

Ban san sanda na fizgo wuyan rigarsa ba. Ya ji haushi, wai na kunyata shi a gaban abokai. Ni kuwa kunnena na hagu ne ya kama ƙugi, irin wanda yake yi mini shekara ashirin ke nan.

Ina karatun injiniya a Amurka abin ya same ni. Mu biyar muka haɗa ƙaramin inji mai shan sifirit da ruwan oksijin, muka kai shi hamadar Mohabi a jihar Kalifoniya, inda masu wannan sha'awa suke zuwa gwaji saboda babu gida babu gona. Ba mu da famfo, iskar naitirojin mai matsi ce ke turo ruwan daga tankuna zuwa cikin inji. Shi ruwan oksijin sai an sanyaya shi digiri 183 ƙasa da sifili yake zama ruwa, kuma lita ɗaya idan ta ɗumama takan koma iska kusan lita 860. Na san wannan lissafi, na rubuta shi a jarrabawa, na ci.

Ran nan makunnin wuta ya ƙi kamawa, aka dakatar da gwaji. Ƙa'ida ita ce a saki matsin duka daga nesa, a bar oksijin ya tsiyaye ya bi iska, kowa ya zauna a maɓoya har geji ya faɗi. Ni kuwa ina kallon farin tururi yana tashi, kuɗinmu nake gani suna tafiya. Kuɗin abincinmu muka tara muka sayi ruwan nan, mun yi tuƙin sa'o'i, rana ta kusa faɗuwa, in ya ƙare sai wani watan. Sai na fito da gudu na rufe bawul ɗin hannu da ke gindin tanki. Na can bakin inji dama a rufe yake. Na tsare ruwan oksijin a cikin bututun da bai fi kamu ɗaya ba, babu mafita, cikin zafin hamada.

Ya kamata a ce akwai bawul mai sakin matsi a tsakanin nan. Ni na cire shi daga zane, don yana da tsada, na ce ai ba za a taɓa rufe biyun lokaci guda ba. Wani lokaci ina ce wa kaina ba ni kaɗai ba ne, mutum huɗu sun ga zanen, ba wanda ya ce uffan. Kuma gaskiya ce, ba mu da kuɗi, wanda bai yi karatu a ƙasar waje da yunwa ba ba zai gane yadda dala talatin take da nauyi ba. Amma ba su huɗun suka fito daga maɓoya ba. Ɗaya ne ya fito, shi ma ya biyo ni ne ya ce in dawo. Muna tsaye bututun ya tarwatse. Ɓarɓashin ƙarfe ya shige hannunsa na dama, yatsunsa biyu ba su sake lanƙwasuwa ba. Ni na rasa rabin jin kunne ɗaya. Ya ce ya yafe mini tun muna asibiti. Na so a ce ya zage ni.

Na daɗe ina lallashin kaina da cewa manya ma abin ya ci su. Max Valier, ɗaya daga cikin na farko-farkon masu ƙera injin roka, ya mutu a Balin ta Jamus ranar 17 ga Mayu 1930, injin mai aiki da ruwan oksijin ya fashe masa a teburin gwaji. A Yulin 2007, a Mohabin nan dai, mutum uku na kamfanin Scaled Composites suka rasu wajen gwajin kwararar iskar naitiros, wadda ita ma ake ƙona man roka da ita kamar oksijin, alhali ko wuta ba a kunna ba. Sai daga baya na lura labarin nan ba ya wanke ni. In ƙwararru da kayan aiki sun mutu a gefen tanki mai matsi, me ya kai ni gefen nawa da hannu tsirara?

Na zauna da niyyar rubuta muku shawara goma, ƙannena. Da na tuna wayoyin nan uku a ɗage sai raina ya ɓaci. Me kuke ɗauka? Wa zai kalli hoton in silinda ta tashi da ku? Ku ba ku da haƙurin karanta shafi biyu, amma kuna da na gyara bidiyo dare guda.

Kada hannunka ya taɓa abin da ke da matsi a ciki. Yoyo ne, ɗauri ne, ko mene ne, a saki iska daga nesa, geji ya koma sifili tukuna. Shi ma gejin kada ka ba shi amana, yana toshewa, yana daskarewa, ka ga bawul ɗin saki a buɗe da idonka. Duk inda ruwa zai iya maƙalewa tsakanin bawul biyu, a sa masa mafita, ko da kuɗin zai hana ka gwaji bana. Tanki kuwa da ruwan famfo ake fara gwada shi, a kai shi ninki ɗaya da rabi na matsin da zai yi aiki da shi, don ruwa in ya fasa tsartuwa yake yi, iska kuwa bam ce. Kuma oksijin ba ya shiri da maiƙo. Giris ko baƙin mai kaɗan a bakin mahaɗa ya isa ya kama wuta ba tare da ashana ba.

Batun harbawa sama, ku bar shi kawai. Robert Goddard, Ba'amurken da ya fara tayar da roka mai shan fetur da ruwan oksijin ranar 16 ga Maris 1926, daƙiƙa biyu da rabi ta yi, ta hau kamar mita 12, a gona ya yi. Duk da haka bayan gwajinsa na 1929 hukuma ta taka masa birki, a 1930 ya koma Roswell, can cikin jejin Niyu Meziko. Kai kana tsakiyar unguwa, ga almajirai a kan katanga, ga mai shayi a kwana, ga halin tsaron da ake ciki, ba izinin kowa.

To, ban ce ku bari gaba ɗaya ba. In na ce haka na yi ƙarya, don har yau in na ji ƙarar inji ya kama daidai gabana faɗuwa yake don daɗi. Hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, tana da cibiyar nazarin injinan roka a Epe ta jihar Legas, akwai sassan injiniya a jami'o'inmu. Ku nemi babba wanda zai iya ce muku a'a, ku kuma ji. Ko da yake ni ma an ce mini in dawo, ban dawo ba.

Na mayar wa mai walda silindarsa da kaina, sifanan kuma yana cikin motata. Yaron bai gaishe ni ba kwana uku. Jiya uwarsa ta kira ta ce, "Yaya, ya ce in tambaye ka wane irin famfo ake gwajin ruwan da shi." Na ce ta gaya masa ya wanke tankin, ina zuwa Juma'a bayan masallaci, kuma kada in ga waya ko ɗaya a kangon.