Laftof ɗin gem da ta ci min kwana uku saboda ram guda ɗaya

Wata na na bakwai ke nan ina koyon gyaran kwamfuta a shagon Oga, na fara jin kaina, duk abin da aka kawo sai in ce ai fomatin ne maganinsa, wato a goge komai a sa sabuwar Windows. Ran nan wani yaro ɗan jami'a ya shigo da laftof ɗinsa irin ta gem ɗin nan, mai fanka biyu, nauyi kamar bulo. Ya ce in ya kunna wani lokacin ta tashi lafiya lau, wani lokacin ko tambarin Windows ba ta gama nunawa sai shuɗin sikirin, ta mutu ta sake tashi da kanta, haka za ta yi ta yi sau huɗu sau biyar. Ko tambayarsa ban tsaya yi ba na ce malam Windows ɗinka ce ta lalace, ka dawo gobe.

Na yi fomatin. Ana cikin sa sabuwar Windows ta tsaya da lambar kuskure 0x8007025D, na ce filas ɗina da nake sa Windows da shi ne, na canza filas, wannan karon ta wuce, na ji daɗi. Washegari da safe ina kunnawa shuɗin sikirin, MEMORY_MANAGEMENT. Na sake kunnawa, IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL. Can anjima kuma PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA. Wallahi sunan matsalar ma an rubuta min ƙuru-ƙuru a na farkon (memory ai shi ne ram, inda kwamfuta ke riƙe abin da take aiki da shi a lokacin) amma idona ya rufe, na koma zargin direban katin hoto, wato manhajar da ke tafiyar da shi, na cire na mayar, na zargi SSD, ma'ajiyar fayiloli, har na sa wata ta shago na sake fomatin na biyu. Kwana biyu sun tafi.

Oga yana gefe yana shan shayinsa bai ce min uffan ba, sai a rana ta uku ya ce, kai Malam, tunda ka fara kuskuren iri ɗaya yake fito maka? Na ce a'a Oga, kullum da kalar da yake zuwa. Ya ce to direba ɗaya in ya lalace yawanci sunansa ɗaya za ka yi ta gani, wanda yake sauya riga kullum je ka duba ram. Daga baya ya fahimtar da ni dalili, lokacin tashi Windows tana kwaso kayanta ta zuba cikin ram, kuma ba kullum take ajiye su wuri ɗaya ba, to ranar da wani muhimmin abu ya faɗa kan gurbin da ya lalace sai ta faɗi, ranar da ya kauce sai ta tashi kamar ba ita ba. Abin da ya fi ba ni haushi, duk fomatin ɗin da na yi ta cikin wannan ram ɗin fayilolin suka bi kafin su sauka a SSD, ashe da hannuna nake rubuta Windows mai rauni.

Na fara da abin gwajin ram na cikin Windows, ka danna Windows da R ka rubuta mdsched, ta gama ta ce ba matsala. Na juyo da murmushi, Oga ya miƙo min filas mai MemTest86, wata manhajar gwajin ram, ya ce wannan ka bar shi ya yi zagayensa huɗu, kar ka taɓa. Zagayen farko tas. Ni da ni kaɗai ne da nan zan kashe in ce ram lafiyarsa ƙalau. Sai a na biyu, bayan injin ya ɗau zafi fanka na ta huci, jan rubutu, alamar kuskure, ya fara zubowa.

To saura wanne ne cikin ram biyun da ke ciki, ko ma ramin da ake cusa shi ne da kansa. Na kwance bayan laftof ɗin, na cire igiyar batir tukunna (wannan Oga ba ya wasa da shi, ya taɓa ganin bod, babban allon cikin kwamfuta, ta ƙone saboda sukuru ya faɗa kai batir na jone), na buɗe 'yan ƙarafan gefe ram ɗin ya ɗago. DDR4 ne guda biyu, 8GB kowanne, amma ina juya su na ga kamfaninsu ba ɗaya ba, gudun ɗaya 3200 na ɗaya 2666. Haɗin irin wannan sau da yawa yana aiki, sai dai duka su koma gudun ƙaramin. Haƙoran na biyun, inda yake shiga rami, sun yi dusu-dusu, ƙurar hunturu ta shiga ko'ina, na goge da kilina irin ta fensir na bi da burushi, ina fatan datti ne kawai.

Sai gwaji ɗaya bayan ɗaya, ina rubutawa a bayan rasit don kar in rikice. Na farko a rami na farko, tas. Na farko a rami na biyu, tas, ramuka sun fita daga zargi ke nan. Na biyu a rami na farko, ja. A rami na biyu, ja, kuma adireshin gurbin da yake nunawa a cikin ram ɗin kusan wuri ɗaya. Gogewa ba ta yi komai ba, ram ɗin ne ya mutu. Kowane gwaji awa biyu zuwa uku, ga ɗauke wuta, har dare muka kai da janareto.

Da yaron ya zo na ce masa ka taɓa ƙara ram? Ya ce eh, wata biyu da suka wuce ya sayi na hannu a kasuwa don gem ya daina tsayawa, kuma bayan nan ne abin ya fara. Tambayar minti ɗaya. Oga ya kalle ni ta saman tabarau, ni kuwa na sunkuya ina neman sukurun da bai ɓace ba.

Muka sa masa sabon 8GB mai 3200 daidai da na asalin, MemTest86 ya kwana yana gudu ba ja ko ɗaya, na yi fomatin na uku. Kuɗin aiki Oga ya ce na ram kawai za a karɓa, na fomatin biyun farko ni zan biya da shara da sayo shayi na sati guda.