Ƙurar hunturu a ƙarƙashin bonet: yadda na wanke injin 350Z da hannuna

Motar Nissan 350Z ce ta 2005, mai ƙofa biyu da kujera biyu, 'yar Amurka da ta shigo ta Kwatano. Injinta V6 ne mai lita 3.5, wanda Nissan ke kira VQ35DE, kuma ya cika hancin motar maƙil, da kyar hannu ke samun mashiga tsakaninsa da jikin mota. Daga waje kullum tana sheƙi. Amma bayan hunturun Kano ya ratsa ta tun daga Nuwamba har Fabrairu, duk wanda ya ɗaga bonet zai riƙe baki. Ƙurar nan da iska ke kwasowa daga Bodele a arewacin Chadi laushinta kamar fulawa, ba ramin da ba ta shiga, kuma duk inda ta tarar da danshin mai sai ta zauna ta zama baƙar laka.

Ban kai ta wurin wankin mota ba, don na sha tsayawa ina kallon yadda ake yi. Mota za ta shigo da zafinta, a bar injin a kunne, a watsa masa fetur ko gas haɗe da garin sabulu, a kafa masa bakin injin feshi dab da wayoyi, a ƙarshe a shafe shi da baƙin mai ko man birki don ya yi ƙyalli. A zamanin Fijo 504 mai kafireto wannan yana wucewa lafiya: in ta ƙi tashi a buɗe kan distiributa a goge, a ci gaba da tafiya. Motar yau kowace silinda da kwayil ɗinta mai ba ta wuta a kan filogi, ga sensa nan birjik, kowace da soket ɗinta. Robar da ke bakin soket an yi ta ne don ta tare fantsalin ruwan sama, ba ruwan injin feshi da ke fita da matsin bar 100 ko fiye ba. Matsin ruwan famfon gida ba ya wuce bar 3 zuwa 4. Wani abokina ya fito daga irin wannan wankin motarsa na karkarwa tana misin, fitilar injin na ƙyaftawa, sai da mai aikin wayar mota ya zare kwayil ya tarar ramin filogi biyu cike da ruwa. Fetur kuwa a kan injin mai zafi, wannan neman gobara ne kawai. Tiririnsa ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya yana jiran tartsatsi.

Da na gaya wa makanikina niyyata, bai hana ni ba. Cewa ya yi, "Alhaji, kafin ka sa ruwa, ka tsaya ka karanta dattin. In ka wanke ka goge min shaida." Wannan maganar ita ta fi min amfani a duk aikin. Busasshiyar ƙura ba ta nuna komai. Amma inda ta jiƙe ta yi baƙi, mai ne ke tsatsa a wurin. Inda aka ga farin gari ko kore-kore a bakin tiyo, ruwan lagireto ne ya fito ya bushe. Jajayen tabo kusa da famfon sitiyari, man sitiyari ne. Na kunna fitilar waya na bi lungu-lungu ina ɗaukar hoto. A tawa, lakar ta fi kauri a gefen murfin bawul na ɓangaren fasinja, ta gangara ƙasa. Shi ya sa ma duk dillalin da ya nuna min mota injinta na walƙiya, jiƙe da mai, ba ya burge ni. Tambayata ita ce me aka wanke.

Da sassafe na yi aikin, bayan motar ta kwana ba a kunna ta ba. Wasu na cewa a ɗan ɗumama injin don maiƙo ya saki. Ni ban ga amfaninsa ba a garin da hantsi kaɗai ya isa ya ɗumama ƙarfe, kuma sabulu a kan abu mai zafi bushewa yake yi ya bar zane. Bakin salansa da ke manne da injin yana kai ɗaruruwan digiri in an yi gudu, ruwan sanyi a kansa na iya tsaga shi. A inuwa na ajiye ta, na shimfiɗa kwalaye da garin katako a ƙarƙashi don su shanye abin da zai ɗiga. Ruwan maiƙo bai kamata ya bi kwata ya shiga lungu ba, ga yara na wasa, ga rijiyoyin maƙwabta.

Sai batir. A wannan motar yana can baya, cikin wani ɗan akwati mai murfi kusa da gilashin gaba a ɓangaren fasinja, kuma akwatin fiyus da rilai yana maƙale a gefensa. Da sifana mai lamba 10 na kwance kan negatif, shi ake fara cirewa, don ko sifana ta taɓa jikin mota ba za ta yi tartsatsi ba. Agogo da tashoshin rediyo za su goge, ba komai, a sake saita su. Cikin akwatin na tarar da busasshen ganyen darbejiya ya toshe ramin da ruwa ke fita. Da damina ta same shi haka, ruwa zai taru a gindin akwatin fiyus. Wannan wurin ko ɗigon ruwa ban kai masa ba, hannu da danshin tsumma kawai. Farin gishirin da ya taru a kan batir kuwa, ɗan bekin soda a ruwa da tsohon burushin haƙori suka ɗauke shi.

Kafin ruwa akwai shara. Da burushin fenti busasshe da bulowa na kaɗe ƙurar da ba ta kama ba, kuma abin mamaki, fiye da rabin dattin a nan ya tafi. Ƙurar da ka jiƙa ta zama taɓo, taɓo kuma sai ya nemi ruwa mai yawa, ruwa mai yawa shi ne abin da nake gudu.

Rufe-rufe ya fi wankin kansa cin lokaci. Na sa leda na ɗaure altaneta, wadda ke cajin batir, da robar ɗaure kuɗi. Na toshe bakin da iska ke shiga matata, na naɗe soket ɗin sensar iska da ke jikin bututun. Kwayil uku a kowane gefe, na lulluɓe su da tsumma sannan leda a sama. Inda leda ba ta zama, takardar foyil ta kicin tana lanƙwasuwa ta kama siffar abu, amma sai an cire batir tukuna, don tana ɗaukar wuta. Kwamfutar wannan motar a cikin ɗaki take, ƙarƙashin dashbod, ta tsira. Mai Corolla ko Accord na baya-bayan nan ya duba da kyau, tasu a cikin bonet take. Wanda kuma ya canja matatar iska ya sa irin buɗaɗɗiyar nan mai kama da mazurari da masu son ƙarar injin ke sakawa, ya cire ta gaba ɗaya ya toshe bututun. Ruwa ba ya matsuwa. In ya shiga silinda da yawa, sandar fistin ce za ta lanƙwashe.

Wajen sabulu na yi taka-tsantsan saboda injin nan alminiyum ne, gangar jikinsa da kansa, har bonet ɗin ma. Sabulun cire maiƙo mai kaifi, irin mai soda a ciki, yana cin alminiyum ya bar masa farin dabbare-dabbare da ba ya fita. Na sayi na mota wanda aka rubuta a jikinsa cewa ba ya cutar da alminiyum, na sirka shi da ruwa yadda takardar ta ce, na gwada a wani ɓoyayyen wuri tukuna. Fetur da gas da kananzir ban ko kawo su kusa ba. Tiyon lagireto da robar da mai ke kumbura ta ake yin sa, in an wanke shi da su yau zai yi kyau, bayan wata biyu ya yi laushi ya fashe a hanyar Zariya.

Na raba injin gida-gida. In fesa wa wuri kamar faɗin tafin hannu biyu, in bar shi minti biyu ko uku, in bi da burushi, in ɗauraye da 'yar kwalbar feshi irin ta masu aski, in goge, sannan in matsa gaba. Daga sama na faro, cikin bonet. Bargon da ke manne a can, mai tare zafi da ƙara, ba a jiƙa shi, in ya sha ruwa sakkowa yake yi. Sandar ƙarfen da ta gitta kan injin daga wannan kafaɗa zuwa waccan, da murfin roba mai tambarin Nissan, da tankunan ruwa, duk ba su ba ni wahala ba. Wahalar tana ƙasa, wajen lakar nan ta gefen murfin bawul, inda sai da na ɗaura tsumma a kan sanda. Duk aikin bokiti ɗaya na ruwa bai ƙare ba. Totur ban taɓa shi ba: na lantarki ne, in aka tura bakinsa da hannu ko aka wanke cikinsa, sau da yawa sai an sake koya wa kwamfuta silo, wato yadda injin ke juyawa in ba a taka totur ba.

Busarwa na yi da bulowa, soket bayan soket, kan kowane noti da ruwa ke kwanciya, sannan na kwance ledojin na bar bonet a buɗe har bayan azahar. A nan iskar hunturu ta biya ni ɓarnar da ta yi, domin ba abin da ya kai ta shanya. Kafin in mayar da batir na zare kwayil ɗaya-ɗaya na leƙa ramukan. Ruwa babu. Amma a rami ɗaya baƙin mai ya kwanta a gindin filogi, ciwon da aka san wannan injin da shi in robar da ke cikin murfin bawul ta tsufa.

Batun ƙyalli, a nan ni da ƙanina da ya taya ni muka saɓa. "Yaya, haka za ka bar shi fayau? Ko ɗan mai ba za a shafa ba?" Ba a shafa ba. Man birki yana ɗaye fenti, baƙin mai kuma gayyatar ƙura ce, kwana kaɗan lakar ta dawo. Man gyaran roba mai ruwa-ruwa na ɗiga a tsumma na goga wa baƙaƙen robobi, na bi da busasshe har ya daina kama yatsa. Ban fesa komai kai tsaye ba, saboda feshin silikon in ya bi iska ya shiga injin yana lalata sensar iska da ta hayaƙi. Fambel ko kusa da shi ban je ba, in ya sha santsi kuka zai riƙa yi yana zamewa.

Ta tashi bugu ɗaya. Na bar ta a silo har fanka ta kunna, ɗan tururi ya tashi daga wajen salansa ya wuce, fitilar injin ba ta kama ba. Da ta kama tana ƙyaftawa da kashe ta zan yi nan take, don man da bai ƙone ba yana gangarawa ya cinye katalis, matatar hayaƙin da ke cikin salansa. Bayan mako guda na sake ɗaga bonet, ga siririn layin mai sabo fil a kan tsaftataccen ƙarfe, daga kusurwar bayan murfin bawul yake fitowa, ba daga inda lakar ta fi kauri ba. Da hoton na je wa makanikin. A wannan injin robobin ramin filogi haɗe suke da murfin, don haka murfin gaba ɗaya muka yi oda, da gaskit ɗinsa da filogi shida.