Sati na 9 a koyon wayarin: wutar da ke rawa a gidan sama

Salam 'yan uwa masu koyo, kwana biyu ban rubuta komai ba, aiki ne ya ɗan yi yawa. Ranar Talata oga ya tafi da ni wani gidan sama mai shaguna shida a ƙasa, suna kukan wuta tana rawa kusan wata guda, har talabijin ɗaya da caja biyu sun ƙone, kowa yana cewa laifin taransifoma ne.

Ni dai da muka isa na ga kwan shagon tela ya yi jawur kamar aci-balbal, sai na ce oga ai lo ce kawai, wato wuta ta yi rauni, mu mayar da su wani fes ɗin (ɗaya daga cikin wayoyi uku masu kawo wuta gidan) mu wuce. Ya ce Malam hau sama ka dubo min kwan baranda tukuna. Na hau, wallahi kwan nan haske yake har yana kashe ido, kuma da telan ya jona dutsen guga sai nasa ya ƙara dusashewa na sama ya ƙara haske. Gida ɗaya, layi ɗaya.

Oga ya miƙo min mitar auna ƙarfin wuta ya ce auna. Tsakanin fes da fes na samu wajen volt 400 duka ukun, wato fes ukun da ke zuwa daga waje lafiya lau suke. Amma tsakanin kowane fes da nutural (wayar da wuta ke komawa ta cikinta): jan fes 180, rawaya 258, shuɗi 262, alhali 230 ya kamata kowanne ya nuna. A nan ya zauna ya yi min bayani, kuma shi ne abin da ya fi tsaya min a rai duk satin nan. Nutural shi ke riƙe fes ukun kowa a matsayinsa, in ya saki ko ya yi sako-sako sai kayan gidan su riƙa raba 400 ɗin nan a tsakaninsu, fes mai lodi da yawa ya faɗi ƙasa, mai lodi kaɗan ya haura sama, shi ya sa mai talabijin ya yi asara alhali shi ba ya jan komai. Da na mayar da su wani fes kamar yadda na ce, da matsalar kawai na sauya wa wuri, kuma abin ya dame ni sosai da na tuna.

Mun kashe komai, oga ya zare fis ukun, ya sa na sake gwadawa da mita kafin in taɓa, ya kuma nuna min ɓangaren da ya fito daga falwaya ya ce wannan har yanzu da wuta a jikinsa, kada hannunka ya je. Bayan allon mita muka samo shi: an murɗe wayar alminiyom da ta kofa wuri ɗaya an naɗe da tef, tef ɗin ya narke, mahaɗar ta yi farin gari kamar toka, ina taɓawa da filaya ta rabu. Ƙarfen biyu ba sa shiri in an haɗa su kai tsaye, musamman in damina ta shigo. Muka yanke wurin da ya ci, muka sa mahaɗi na musamman da aka yi don alminiyom da kofa, muka ɗaure tam.

Da aka mayar da wuta: 228, 231, 230. Amma mitar da ake maƙala wa waya ta nuna jan fes yana ɗauke da amfiya (ma'aunin yawan wutar da ake ja) 41, sauran 12 da 9. Asabar za mu koma mu raba shagunan bibbiyu a kowane fes, oga ya ce ni zan zana yadda za a raba in kawo masa ya duba.