Laraba a Leeds ta Ingila, ranar da makin farko ya fito

Yau da ƙarfe 10 na safe aka saki makin asayimen ɗinmu na farko, kafin in gama shan shayi guruf ɗin ajinmu na WhatsApp ya cika da saƙo, kowa na tambayar kowa nawa ka samu amma ba mai son faɗin nasa. Ni dai 64 na samu, nace Alhamdulillahi na ja rigar sanyina na fita, dan muna da semina ƙarfe 11. Garin yau kam ba a magana, rana bata fito ba sai bayan ƙarfe 8, kuma ko da ta fito ɗin ba ganinta akayi ba.

Ina shiga aji na lura maƙwabciyata bata zo ba. 'Yar Indonesiya ce, daga garin Padang a tsibirin Sumatra, ɗakinta na jikin nawa, kicin ɗaya muke amfani dashi kuma kwas ɗaya muke yi. Yarinyar nan ita ke riga kowa zuwa aji, zaka sameta a kujerar gefen taga ta buɗe littafi ta ja layi da kala uku, to rashin ganinta yasa hankalina bai kwanta ba har aka tashi. Na tura mata saƙo shiru. Nayi azahar a ɗakin sallah na makaranta, na ɗan jira la'asar tunda a Disamba kafin ƙarfe 2 ta shiga, sannan na kamo hanyar gida.

Sai da na ƙwanƙwasa na daɗe a tsaye kafin ta buɗe, idonta ya kumbura, labule a rufe, hita a kashe wai tana tsoron kuɗin wuta. 58 ta samu. Tace shikenan ta faɗi, ta kunyata iyayenta, ta kunyata ƙasarta. Nace ke 'yar uwa zauna tukuna, wa yace miki 58 faɗuwa ce? Ashe a jami'ar da tayi digirin farko sai mutum ya haura 80 ake bashi A, ita kuma a can ta saba da nan sama, bata taɓa ganin lamba irin wannan kusa da sunanta ba. Na ɗauko takarda na zana mata yadda abin yake a nan a digiri na biyu, 50 ka wuce, 60 ka shiga mataki na tsakiya, 70 shine ƙololuwa, kuma a rubutun nazari irin namu ba kasafai ake ganin mai 80 ba. Mu da muka fito daga Najeriya wannan bai cika girgiza mu ba tunda a jami'o'inmu ma 70 ɗin ce A, amma ita ba wanda ya taɓa zaunar da ita yayi mata bayanin nan da baki, yana dai cikin wani dogon kundin dokokin kwas da aka turo mana ta imel a satin farko, lokacin da kowa ke fama da neman asusun banki da layin waya.

Sikolashif ɗin gwamnatinsu ne ya kawota, LPDP, wanda ke ƙarƙashin ma'aikatar kuɗi ta ƙasar, suna biya mata komai da sharaɗin in ta gama zata koma gida tayi aiki. Tace mutane da yawa sun nema basu samu ba, to a ranta duk makin da ya gaza kamar ta ci amanar wanda aka hana ne aka bata. Wallahi da ta faɗi haka sai da jikina yayi sanyi.

Amma da muka ƙara zama sai na gane ba makin ne ya fi ƙona mata rai ba, sharhin lakcaran ne. Ya rubuta mata cewa ta karanta da yawa, ta kawo abinda masana suka faɗa daidai, amma bai ga nata ra'ayin ba, bata auna maganganunsu ta nuna inda suka gaza ba. Ta kalleni tace Anti (haka take ce min dan na girmeta) ta yaya zan ce farfesan da ya rubuta littafi guda bai yi daidai ba, ni wacece? Na rasa me zan ce mata na ɗan lokaci, saboda nima haka aka rene ni. Tun daga islamiyya har jami'a, malami in yana magana kai naka sauraro ne, in ka iya maido masa da abinda ya faɗa ka ci jarabawa. Nan kuma suna son ka ɗauko masana biyu ka gwada su, kace wannan hujjarsa tafi ƙarfi saboda kaza, wancan binciken nasa a ƙasa ɗaya kawai yayi dan haka ba lallai ya hau kan ƙasata ba. Abu ne da ake koya, ba wanda aka haifa dashi, kuma kwas ɗin shekara ɗaya ne tak, kafin ka gane dawan garin an kai rabi.

Abinda ke min ciwo kenan in naji wasu a aji suna cewa wai 'yan Asiya basa magana, wai kansu kawai suka sani. Satin da ya wuce a aikin guruf wani yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana jin ra'ayinsu, da yazo kanta sai ya tsallake, bai ma lura yayi ba. Alhali ita ce ta karanta takardun duka. Ta taɓa gaya min yadda abin yake mata, tambaya na zuwa sai ta fara haɗa amsar da yarensu, ta juyata zuwa Turanci, ta duba ko akwai kuskure, kafin ta ɗaga hannu 'yan ƙasar da basa ma ɗaga hannu sun wuce da zancen wani wuri. Ga Turancin mutanen Yorkshire, yankin da Leeds take, da ko ni da nayi duk karatuna da Turanci sai na kasa kunne sosai a bas. Ga kiran lakcara da sunansa tsagwaron ba Dokta ba Malam, har yau bakinta ya kasa, ni ma dai da ƙyar. Ɗaliban Indiya da China su suka fi yawa cikin baƙin ɗalibai a ƙasar nan, kuɗin makarantar da baƙo ke biya kuma ya zarce na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba, to ina ganin ba abin wahala bane malami ya ɗan dakata bayan yayi tambaya ya bar wanda ke tattara maganarsa ya iso.

Muna cikin haka magariba ta shiga, 4 ma bata yi ba. Garinsu dab yake da tsakiyar duniya, duk shekara rana wajen ƙarfe 6 take faɗuwa, tace duhun nan shi ya fi komai takura mata. Sannan sun riga mu da awa 7, lokacin da muke fitowa daga lakca mamanta ta riga ta kwanta, ni kuwa awa ɗaya ce tsakanina da Umma, duk sanda naga dama zan kira. Na tambayeta ko tayi rajista da likitan unguwa tace a'a, nace haba, kuɗin lafiya fam 776 na shekara da aka biya miki tare da biza fa? Muka cike fom ɗin a waya nan take. Na bata kwalbar bitamin D ɗina guda, tunda hukumar lafiyarsu NHS da kanta ke ba kowa shawarar shan maikrogiram 10 kullum a watannin sanyi.

Tun safe bata ci komai ba, na jata kicin na ɗora Indomie da ƙwai. Tana ganin ledar tayi dariyar farko a yau, dan har yanzu mamaki take yadda muka ɗauki Indomie tamkar abincin gidanmu alhali asalinta tasu ce, ta kamfanin Indofood, na gaya mata ai har masana'anta gareta a Ota ta jihar Ogun. Ta ɗauko sambal, wato markaɗaɗɗen barkono irin nasu, da mamanta ta haɗo mata, ni na ɗauko yajin ƙuli na, muka ci har muna sharce hanci. Mutanen Padang akwai cin yaji, ban kama ƙafarta ba.

Bayan isha muka zauna muka rubuta wa lakcaran imel tana neman ganinsa a lokacin da ya ware na ganin ɗalibai, abinda bata taɓa yi ba dan gani take damunsa zata yi. Ta sa masa Dokta da cikakken suna, nace barshi haka ba laifi bane. Kafin mu wanke kwanuka ya amsa, yace tazo ranar Litinin. Nace zan rakata har bakin ofis ɗin in jira a waje. Na kuma matsa mata taje taron ƙungiyar ɗaliban ƙasarsu, PPI, da ake yi ƙarshen sati, ta daɗe tana ƙin zuwa wai kar Turancinta ya ƙi gyaruwa, nace mutum na buƙatar inda zai yi magana ba tare da ya auna kowace kalma ba.

Da na kira Umma na bata labari tace Allah sarki 'yar mutane, ki riƙeta da kyau, ki gaishe min da ita. Gobe in Allah ya kaimu bayan lakca zamu kasuwar Kirkgate sayen attarugu da kifi, daga nan mu wuce laburare ta rubuta tambayoyin da zata yi masa, ta riga ta fara da guda biyu a bayan takardar da na zana mata makin.