Na bi 'yan makarantar gida yawo a Sent Luwis

Ziyarar ƙanina ce ta kai ni Sent Luwis a jihar Misuri ta Amurka, sai ga ni tsundum cikin ayarin ɗalibai. Matarsa ce ke koyar da 'ya'yansu a gida. Dokar jihar ta yarda da haka ba tare da neman izini ba, amma da sharaɗi: awa 1,000 na karatu a shekara, 600 daga ciki a manyan darussa irin su lissafi, kimiyya da harshe, sannan a riƙe littafin da ake rubuta abin da aka koya. Fita ganin wurare ma tana shiga lissafin. Shi ya sa ta ce mini, "Yaya, gobe ajinmu a lambu yake, ki shirya takalmi mai sauƙi."

Da safiyar Laraba muka isa Missouri Botanical Garden, muka tarar da wasu iyalai masu irin wannan tsari suna jira, kowane yaro da littafin zane da fensir. Mazauna birnin da gundumarsa ba sa biyan ko sisi a safiyar Laraba da Asabar, saboda harajin gidajensu yana cikin abin da ke riƙe wurin. Ni baƙuwa na biya dala goma sha wani abu. Na fara juya kuɗin zuwa naira a raina, sai na bari don kada in ɓata wa kaina rana.

Wani Bature ɗan kasuwa, Henry Shaw, haifaffen Ingila, shi ya buɗe lambun a 1859, kuma kabarinsa na nan ciki. Eka 79 ne, ƙafa ta san ta yi aiki. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Climatron, wata ƙatuwar ƙubba mai ɗaukar ido da aka buɗe a 1960, ba ginshiƙi ko ɗaya a cikinta. Kana tura ƙofa zafi da laima su rufe ka. Iyayen nan suka shiga fifita da takarda, ni kuwa na ji kamar tsakiyar damina a gida. Ga ayaba, ga bishiyar koko da 'ya'yanta manne a jikin gangar, kowace da allo mai sunanta da ƙasar asalinta. Yara suka durƙusa suna zana ganyen ayaba kamar sun ga abin al'ajabi. Dariya ta kusa kama ni, sai babban ɗan ƙanina ya ce, "Gwaggo, kin san ayaba ba bishiya ba ce? Gangarta ganye ne a nannaɗe." Shekarunsa tara. Da muka fito ya ja ni bakin tafki ya nuna mini wani bado mai ganye kamar faifai, faɗinsa ya fi tsawon Auta, ya sa na leƙa na ga ƙayoyin da ke gefensa.

Wata dattijuwa 'yar sa-kai ta tsaya da mu kusan rabin awa tana amsa tambayoyin yara, ba gajiya ba tsaki. Wata yarinya ta tambaye ta abin da ba ta sani ba, ta ce ba ta sani ba, su je su duba tare. Wannan ya burge ni. Abin da bai burge ni ba shi ne yadda yaran ke kiran mace sa'ar kakarsu da sunanta gatsau. Wani yaro ya miƙa hannu zai tsinke fure na daka masa tsawa, uwarsa ta bi ni da kallo kamar na yi saɓo. A mota matar ƙanina ta ce, "Yaya, a nan ba a tsawata wa ɗan wani." To, ɗa na kowa ne dai a wajenmu.

Bayan kwana biyu muka nufi World Bird Sanctuary da ke bayan gari, inda ake jinyar tsuntsayen farauta da suka ji rauni. Waɗanda suka warke a sake su, masu karyayyen fiffike ko makantar ido su zauna. Na ga gaggafa mai farin kai, wadda ke tambarin Amurka, da mujiya iri-iri, da ungulu mai jan kai da ake lallaɓawa kamar ɗan sarki. Namu ungulun na kwata da mayanka ya yi ƙaranci har a 2015 aka sa shi cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa, saboda guba da farautarsa don magani, mu kuwa ko a jikinmu.

A teburin cin abinci wata uwa ta fito da wasu dunƙule-dunƙule a nannaɗe, ta raba wa yara da tsinke. Ashe aman mujiya ne. Mujiya kan haɗiye ɓera ɗungurungum, daga baya ta amayo gashi da ƙashi a dunƙule, ana busarwa a sayar wa masu koyarwa. Auta ta zauna tana tona nata har ta zaro muƙamuƙin ɓera da haƙoransa masu ruwan ɗorawa, ta ɗora a kan takarda mai zanen ƙwarangwal tana neman gurbinsa. Na ajiye abincina. Uwarta ta buɗe littafi ta rubuta: kimiyya, awa biyu.

Tsarin karatun gida yana cin mutum ɗaya gaba ɗaya, don matar ƙanina ta ajiye aiki, albashi ɗaya suke ci, man mota kuma ba kyauta ba ne. Garin ne ke rage musu nauyi da wurarensa masu araha.

Daga wurin tsuntsayen muka zaga Lone Elk Park a mota, gilashi a rufe, ɓaunar Amurka na kiwo a gefen titi. Gidan namun dajin birnin da ke Forest Park shi ma shiga kyauta ne, sai kuɗin ajiye mota. Ranar da suka je ganin kyarkeci ban bi su ba, ƙafata ta kumbura, kuma ina da kaya da zan ɗaure.