Takobin Kakanmu da Tafiyata Zuwa Seki

Kakanmu ya dawo da takobin daga yaƙin ƙasar Bama (Myanmar ta yau), inda ya yi soja a Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, wadda ta gwabza da sojojin Japan a yankin Arakan har aka karɓe garin Myohaung a watan Janairun 1945. Bayan rasuwarsa takobin ya koma hannun mahaifina, da shi ma Allah ya yi masa rasuwa sai ya faɗo mini a rabon gado, tare da labarin da kowa a gidanmu ya haddace, wai na wani janar ne, kuma ya haura shekara ɗari biyar da ƙerawa. Baffana ne ya fi kowa riƙe wannan labari, shi ne kuma yake goge ruwan takobin da toka da yashi duk jajibirin Sallah har ya yi fari fat.

Da aiki ya kai ni Tokyo sai na ƙara kwana huɗu a kan tafiyar domin in bi diddigin maganar. Ban ɗauki takobin ba, saboda dokar Japan ba ta yarda a mallaki takobi ba sai an yi masa rajista, kuma wanda ba a ƙera shi ta hanyar gargajiya ba yawanci ba ya samun rajistar. Abin da na yi kafin in bar Kano shi ne na tura 'yar ƙusar gora da ke riƙe da ƙota, wadda suke kira mekugi, ƙotar ta zare, sai ga gindin ƙarfen da ke ɓoye a ciki da rubutu a fuska biyu. Shekara kusan tamanin takobin yana gidanmu, babu wanda ya san ƙotarsa tana fita. Na shimfiɗa siririyar takarda a kan rubutun na goga fensir har haruffan suka fito, na kuma ɗauki hotunan kube da ƙota da tuntun da ke rataye da ita.

A Tokyo na fara da gidan tarihin takubban Japan da ke unguwar Ryogoku, kusa da babban ɗakin kokawar sumo, wani ɗalibi ɗan Katsina yana yi mini tafinta. A can ana jera takubba tsirara, babu ƙota babu kube, domin gindin ƙarfen, wato nakago, shi ne wurin da masana suke fara karantawa. Sun kasa zamunnan ƙira gida-gida: koto su ne na kafin 1596, shinto daga nan zuwa wajen 1780, sai shinshinto har zuwa 1876, shekarar da aka hana yawo da takobi a ƙasar. Na daɗe a gaban wani takobi na zamanin Kamakura, wato koto ne da ya haura shekara ɗari shida, ina duban gindinsa, wanda tsatsa ta mayar baƙi wuluk kuma sumul kamar tsohuwar tukunya, sannan na duba hoton namu na ga tsatsarsa ja-ja ce, sama-sama, har farin ƙarfe yana leƙowa. Tun a nan jikina ya fara ba ni cewa shekara ɗari biyar ɗin nan da wuya. Ma'aikatan wurin sun bayyana mana cikin ladabi cewa ba a yanke hukunci a kan takarda sai an riƙe takobin a hannu, amma tafintana ya iya karanta farkon rubutun, wanda ke cewa maƙerin mazaunin Seki ne a ƙasar Noshu, wato tsohon lardin Mino, wanda yau yake cikin Gifu.

Washegari muka hau jirgin ƙasa mai gudun tsiya zuwa Nagoya, tafiyar da ba ta cika awa biyu ba, daga nan muka canza zuwa ƙananan jirage har Mino-Ota, inda wani ɗan jirgi na layin Nagaragawa ya ratsa da mu gonakin shinkafa zuwa Seki. Garin ya shafe fiye da shekara 700 ana ƙira a cikinsa, ko da yake yau wuƙaƙen girki da almakashi da reza ne suke ciyar da shi.

A wani ɗan shago muka sami dattijo mai wasa takubba da ya yarda ya duba takarduna. Ya shimfiɗa su a kan tebur, ya danne gefensu da yatsu biyu, ya sauke tabarau zuwa kan hancinsa, bai ce uffan ba na tsawon lokaci. Da ya buɗe baki, da fuskar da ban kula da ita ba ya fara, wadda ke ɗauke da kwanan wata: shekara ta 18 ta zamanin Showa. Zamanin ya fara ne a 1926 da hawan Sarki Hirohito, saboda haka ana ƙara 1925 a kan lambar, lissafi ya ba da 1943. Sunan maƙerin ya fara da harafin Kane, wanda maƙeran Seki da yawa suke gadon sa a sunayensu, sai dai ya ce rubutu kaɗai ba hujja ba ne, domin an sha sassaƙa sunayen manyan maƙera a kan takubban da ba nasu ba. Abin da ya gamsar da shi shi ne sauran alamun duk sun yi baki ɗaya: zanen magagari a gindin bai lafa ba, hudar ƙusa guda ɗaya ce tak, ga kuma wani ɗan hatimi sama da sunan, wanda ni na ɗauka tabo ne. Harafin Seki ne, kuma galibi ana samun sa a takubban da aka yi wa soja da ƙarfen masana'anta maimakon tamahagane, ƙarfen gargajiya da ake narkawa daga baƙin yashi.

Kuben ƙarfe mai zobe ɗaya da furen sakura, wato furen itacen ceri, a jikin ƙota sun nuna samfurin hafsoshi na 1938. Tuntun kuwa, mai launin ƙasa da shuɗi, na laftana ne ko kyaftin. Dattijon ya so ya ga layin da ke bin kaifin takobi, wato hamon, domin da shi ake gane ko a ruwa aka tsoma ƙarfen ko a mai, amma da ya ga hoton sai ya tambaye ni wa ya goge takobin. Na faɗa masa gaskiya. Ya girgiza kai a hankali, sannan ya ce mu gode wa Allah da mai gogewar bai san ƙotar tana fita ba, domin da ya kankare tsatsar gindin da ya tafi da rabin shaidar. Ya gargaɗe ni kada in taɓa ruwan takobin da hannu, in riƙa shafa masa man choji, wato man takobi mai ƙamshin kanumfari, kaɗan, toka kuwa a bar ta a murhu.

Ƙarfe biyar na yamma, wato tara na safe a Kano, na kira Baffa daga tashar jirgi. Bayan gaisuwa na ce, "Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya, ashe takobin nan ƙanenka ne, ka girme shi da shekara uku." Ya yi shiru, sannan ya tambaya, "To janar ɗin fa?" Na ce masa bai wuce kyaftin ba. Ya ce in dawo lafiya, amma kada in kuskura in faɗa wa Gwaggo sai ya fara shirya ta tukuna.