Autana da farfaɗiya

Shekarar autana 4, bai fara tafiya ba, ga kuma farfaɗiya. In ta tashi masa cikin dare, Babansa ke duba agogo, ni in kwantar da shi ta gefe. Ba ma sa masa cokali a baki. Likita ta ce in ta wuce minti 5, mu kama hanyar Asibitin Malam Aminu Kano.

Kuɗin magani da na adaidaita muna jurewa, alhamdulillahi. Abin da ke ci min rai shi ne maƙwabtan da ke janye 'ya'yansu, wai ana ɗauka ta miyau. Wallahi ba a ɗauka, lalura ce ta ƙwaƙwalwa. Kwano ɗaya yake ci da yayyensa. Don Allah ku bar yara su zo, yana son wasa.